Goggo Ilonka da Mutanen Alhamis

Buenos Aires, 9 ga Yuni, 1997

Ƙanena Fabián,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da tumakinka da wannan sanyin kudu da ka zaɓar wa kanka. Mu nan lafiya lau. Maigidana Héctor ya rabu da tarin nan da ya addabe shi, yara suna makaranta, ni kuwa ina tsaye a kantin magani daga safe zuwa yamma kamar yadda ka bar ni.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Goggo Ilonka ta faɗi a kicin, ƙashin kwankwasonta ya karye. Maƙwabciya ce ta ji tana buga tukunya a ƙasa, ta kira ni. An yi mata aiki, likita ya ce aikin ya yi kyau. Ba ƙashin ba ne damuwata.

Tana farfaɗowa ta ga awarwaron robar nan mai suna da lamba da suke ɗaura wa majinyata, ta sa haƙori ta tsinke shi. Suka ɗaura wani, ta tsinke. In aka turo keken rabon abinci ba ta ci, sai dai ta ɗauke burodin ta cusa ƙarƙashin matashi. Shekaranjiya 'yan mata biyu masu jinya suka tura ta banɗaki za su sakar mata ruwa daga sama. Fabián, ban taɓa jin irin wannan ihu daga bakin ɗan Adam ba. Matar da ke hararar mu in mun ɗaga murya a tebur! Tana ta kiran mahaifiyarta da yaren Hungary, ni kuma ko gaisuwa ban iya da shi ba. Yaran ba su da laifi, ba wanda ya gaya musu. Da na nuna musu lambar da ke zane a fatar hannunta, na ce a sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi aka yi mata ita tana budurwa, ɗayarsu fita ta yi tana kuka.

Likita ya ce ba za ta iya komawa hawa na uku ita kaɗai ba, a nema mata gidan kula da tsofaffi. Ka san gidana: ɗaki biyu, mutum biyar. Wata mai sayen magani a wurinmu ta ba ni lambar wata ƙungiya, tsofaffin da suka tsira daga sansanonin ne da 'ya'yansu, suna kula da waɗanda suka rage ba mai duba su. Ranar Alhamis suke haɗuwa, shi ya sa ake ce musu mutanen Alhamis. Ban kira su ba tukuna.

Ni a wurina ƙanwar mahaifina ce kawai, kai kuwa ita ta goya ka tun rasuwar mahaifiyarka. Kana da ta cewa. Tunda ba waya a wurinku, ka ba motar kaya amsa idan za ta juyo.

Yayarka,
Gisela

*

Gonar La Porfiada, Santa Cruz, 24 ga Yuni

Yaya Gisela,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya, sai dai wani rago da ya tunkuye ni a gwiwa, ina ɗingishi kaɗan. Ki gaishe da Héctor da yara.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin garke, na kasa komawa aiki ranar.

Ki saurare ni. Ranar da zan tafi jami'a, Goggo ta tsayar da keken ɗinkinta, ta kama ni a wuyan riga ta ce: "Fabi, idan na tsufa ka bar ni in mutu a kan wannan kujera. Kada ka bari a kai ni inda gadaje ke jere, ƙofa a kulle, wani ya kashe min fitila." Na ce na ji. Ta ce ba ji ta tambaye ni ba, in rantse. Na rantse.

Batun ƙungiya kuma, kin manta shekarar da majami'armu ta aiko mata da kwalin abincin idi? Da ƙafarta ta mayar musu, ta ce ta taɓa tsayawa a layin miya, kuma sau ɗaya ya ishi mutum. Ban san mutanen nan ba, amma na san irinsu. Su zo da murmushi da takardu, su ɗauki hoto, ƙarshenta gidan tsofaffin dai za su kai ta.

Da zan iya tahowa da yau na taho. Ni kaɗai ne likitan dabbobi a duk yankin nan, dusar ƙanƙara ta fara binne tumaki, direba ma ya ce wannan zuwan ƙila shi ne na ƙarshe sai hanya ta buɗe. Na rubuta wa banki su riƙa tura miki albashina, ki ɗauki mai jinya, ki yi duk abin da ya kamata. Abu biyu nake roƙonki: kada ki sa hannu a kan komai, kada ki bari kowa ya ɗauke ta. Ki riƙe min ita zuwa bazara.

Ƙanenki,
Fabián

*

Buenos Aires, 18 ga Yuli

Fabián,

A gurguje nake rubutu, wani mai sayen ulu zai hau jirgi zuwa wajenku, ya ce zai miƙa maka. Muna lafiya, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Na sa hannu a takardar asibiti kamar yadda na gaya maka. Jiya Alhamis mutanen ƙungiya suka zo da mota suka ɗauke ta. Ta yi masifa, ta zage su tun daga sama har ƙasa, amma ta shiga. Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba. Yau na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba. Sauran bayani yana tafe.

Gisela

*

La Porfiada, 25 ga Yuli

Gisela,

Ina lafiya. Ba zan tambayi taki ba, tunda kin ce barci kike yi.

Abu biyu na roƙe ki, kin aikata duka biyun, sannan kika aiko min da labarin a guntuwar takarda kamar mai aiken cefane. "Kamar yadda na gaya maka"? Yaushe kika gaya min? Tsohuwa mai karyayyen ƙugu tana zagi tana turjewa, wasu ƙarti suka sa ta a mota, ke kuma kina tsaye kina kallo. Kin san karo na ƙarshe da aka sa ta a mota tana turjewa? Kin san inda aka kai ta?

Matar nan ta ɗinka miki rigar aurenki da idanun da suka riga suka gaji. Ba ki iya riƙe ta na wata biyu ba. Kin zubar da ita don ki huta, ki faɗi haka kawai, ya fi.

Ki rubuto min sunan gidan da adireshinsa. Ranar da hanya ta buɗe zan zo in fito da ita da hannuna, in kawo ta nan in ta kama. Mai ulun zai koma gobe, shi zai kawo miki wannan.

Fabián

*

Buenos Aires, 30 ga Agusta

Ƙanena,

Muna lafiya. Goggo tana lafiya, har ta fara takawa da sanda daga gado zuwa taga.

Na yi wata guda ban amsa maka ba, da gangan. Na karanta wasiƙarka a bayan teburin kanti, na shiga ɗakin ajiya na yi kukana, na fito na ci gaba da sayar wa mutane maganin mura. Héctor ya ce in yaga ta. Sai daga baya na gane cewa doguwar wasiƙar da na rubuta maka farkon Yuli tana can kwance cikin ƙanƙara ba ta iske ka ba. Wannan ya rage min zafi, amma bai goge kalmar "zubar" ba. Ban nuna wa Goggo ba, kuma ba zan nuna ba.

Ga adireshin da ka nema: gidanta, hawa na uku, inda ka girma. Takardar da na sa wa hannu ta sallama ce.

Na kira ƙungiyar tun kafin amsarka ta zo, saboda Goggo ta daina cin komai. Na zaci wata mai jaka da takardu za su turo. Sai ga wata 'yar tsohuwa, ba ta kai kafaɗata ba, da jar hula, tana haki don bas biyu ta hau. Doña Berta Lindenbaum, shekararta tamanin ba ɗaya. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce ya jiki ba. Ta ja kujera, ta naɗe hannun rigarta kamar mai jin zafi, ta ɗora hannunta a kan bargo kusa da na Goggo. Goggo ta daɗe tana kallon lambobin biyu.

"Ke kuma wace ce?" in ji Goggo.

"Berta. Wanda ya yi miki naki ya fi iya rubutu. Dubi nawa, kamar tonon kaza."

Fabián, Goggo ta yi dariya. Ta riƙe ƙugu tana cewa wayyo, tana dariya. Sannan ta haɗe rai ta ce, "Ba na karɓar sadaka."

"Wa ya ce na kawo miki? Jakar nan silifas ɗina ne da maganin hawan jini."

Kafin ta tafi ta samu shugabar masu jinya, ta yi mata magana a hankali, aka cire awarwaron aka rubuta sunan Goggo a kati a jikin gado. Mako bai zagayo ba sai ga maza biyu 'yan ƙungiya, ɗaya tsohon direban tasi, ɗaya malamin makaranta, suka ɗauke ta a kujera suka hau da ita gida. Sun riga sun kafa mata ƙarfen dafawa a banɗaki. Ba hoto, ba jawabi, ko shayin mate ba su tsaya sha ba.

Su suka haɗa mu da Celestina, 'yar Paraguay ce, ta daɗe tana jinyar irin su Goggo, kuma Doña Berta ce ta koya mata. Ba ta sa farar riga. Wanka da baho da moɗa take yi mata, ƙofa a buɗe, kuma Goggo ce ke riƙe moɗar. Burodin ƙarƙashin matashi ba ta taɓa ɗauke shi, sai dai ta musanya shi da sabo. Goggo ta sha korar ta. Sai ta ɗauki jaka ta sauka, ta sayo albasa ta dawo. Goggo ta ce, "Ba na kore ki ba?" Ta ce, "Kin kore ni, Doña, amma miya ba ta san an kore ni ba."

Yanzu ranar Alhamis ɗin. Doña Berta ta zo ta ce tana cikin matsala. Akwai wani Don Imre a unguwar Flores, shi ma sansanin ya fito, yana zaune da ɗansa. Ɓarin jikinsa ya shanye, Sifaniyanci ya goge daga kansa ƙaf, sai yaren Hungary na ƙuruciya. Ya daina cin abinci, yana ta maimaita wata magana, ba mai ganewa. Mai jin yaren a ƙungiya ya rasu bara.

Goggo ta ce, "Ni ba likita ba ce."

Doña Berta ta ce, "Likita muna da shi. Mai baki nake nema, an ce duk unguwar nan ba kamarki."

Masifar da na rubuta maka, ta saukowa ce. Ta ce direban tasin yana riƙe kujera kamar buhun dankali, ta ce malamin ya yi aski. Na bi su. Muka iske mutumin ya juya wa duniya baya yana kallon bango, ya rame, farfesun kaza ya huce a gefensa. Ɗansa Gabriel, babban mutum mai furfura, yana tsaye da cokali kamar yaron da aka yi wa faɗa. Tsohon ya yi maganarsa. Na ga Goggo ta sandare. Sai ta gyara zama, ta amsa masa da wata murya mai ƙarfi da ban san tana da ita ba. Ya juyo ya kalle ta, ya sake tambaya, ta sake amsawa. Ya buɗe baki. Ya shanye kwanon nan tas.

A mota na tambaye ta. Ta ce tambaya yake ko an gama ƙirge, wato tsayuwar nan da ake jera su a fili ana ƙidaya su, kuma ko ƙanensa Laci ya samu rabonsa, don ba zai ci ba sai Laci ya ci. Ita kuma ta ce masa an gama, ba wanda ya ɓace, Laci ya ci ya ƙoshi, ya ce yayansa ya ci nasa. Laci bai fito daga sansanin ba.

Na ce, "Goggo, ba ƙarya kika yi masa ba?"

Ta ce, "Shekara hamsin yana jiran wani ya gaya masa haka. Ke kin fi so ya mutu da yunwa a kan gaskiya?"

Daga nan ta juya tana kallon titi, ta fara ba mu labarin wata yarinya Magda da suke raba cokali ɗaya a can. Ka taɓa jin ta ambaci wani abu na wurin? Ni ban taɓa ba. Doña Berta ta riƙe mata hannu har muka iso. Shi ya sa na yi barci.

Albashinka yana zuwa, da shi ake biyan Celestina. Sauran duk na mutanen Alhamis ne, kuma ba su taɓa kiran sa taimako a gabanta ba.

Yayarka, ko da ka ƙi,
Gisela

*

La Porfiada, 16 ga Satumba

Yaya Gisela,

Ina gaishe ki da Héctor da yara. Gwiwa ta warke, hanya ta buɗe, tumaki sun fara haihuwa.

Motar farko ta kawo min wasiƙunki biyu tare, ta Yuli da ta Agusta. Na karanta su a jere, na fita na zaga garke ban san me nake nema ba. Ki yafe min. Ina nan tsakanin tumaki ina yanke miki hukunci, ke kuma kina hawa da sauka a bene. Ba ni da wata magana da ta wuce wannan.

Na yi ta tunanin Doña Berta. Mace mai shekara kusan tamanin, wadda ta ga abin da ta gani, maimakon ta zauna a rana ta huta, tana bin bas tana neman waɗanda suka kulle kansu a ɗaki. Na ce na san irinsu. Ban san komai ba. Ni da na rantse wa Goggo, da ni ne a wurin, da na kulle ta a gida na hana kowa shiga, in ce kare ta nake yi.

Na ba matar mai gonar nan labari. Ta ce akwai bargunan ulu da matan ma'aikata suka saƙa, za ta haɗo min da su. Ki tambayi Doña Berta ko suna da amfani, kuma yadda za a ba da su ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, ita ta san hanya. Zan zo da zarar an gama sausayar tumaki a Disamba. Ki gaya wa Goggo. Ki gaya wa Celestina ina gaishe ta da girmamawa.

Ƙanenki,
Fabián

*

Buenos Aires, 2 ga Nuwamba

Ƙanena Fabián,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, gari ya yi ɗumi, Goggo tana sauka bene da ƙafarta, tana hutawa a kowane hawa tana zagin wanda ya gina gidan. Maganar yafiya ta wuce, kada ka sake tayar da ita. Doña Berta ta ce ka kawo bargunan, za ta ce wa tsofaffin ana son su gwada su faɗi ko saƙar ta yi kyau.

Don Imre ya rasu farkon watan jiya, ranar Talata da hantsi. Kada ka yi baƙin ciki da yawa, ya tafi da ƙibarsa. Tunda Goggo ba ta iya zuwa kullum, sai ta zaunar da Gabriel ta koya masa maganar nan da yaren ubansa. Ka ga mutum mai furfura yana maimaitawa, tana ce masa, "Ba haka ba, kan jaki, buɗe bakinka!" Har ya iya. Tun daga nan shi ke gaya wa mahaifinsa an gama ƙirge, shi ke ba shi abinci. Ya ce a makon ƙarshe tsohon ya riƙe masa fuska ya kira shi da sunansa.

Mun je jana'iza. Mutanen Alhamis sun cika wurin, masu sanda, masu keke, wasu an riƙo su. Goggo ta ɗora ɗan dutsenta a kan kabarin bisa al'adarmu ta Yahudawa, sannan ta nemi wani ta ɗora, ta ce na Laci ne. Na zaci za ta karaya. Muna fitowa ta ja Doña Berta gefe ta ce, "To, saura wa?"

Akwai wata Doña Rózsi a Avellaneda, hawa na huɗu, ba ta buɗe wa kowa ƙofa, ta bayan ƙofa ake ajiye mata abinci. Goggo ta je. Celestina ta ce Goggo ta sa an ajiye mata kujera a bakin ƙofar, ta zauna tana ba katakon ƙofar labarin yadda ake soya albasa a garinsu, har aka zare sakata daga ciki. Yanzu kowace Alhamis can take.

Tana nan zaune kusa da ni tana zungura ta da sanda, wai in rubuta abin da za ta faɗa, kada in gyara. Ga shi:

"Fabi. An ce za ka zo a Disamba. Kada ka kawo min tsaraba, ba ni da wurin ajiya. Ka ci abinci sosai kafin ka taho. Rózsi ba ta taka ƙasa ba tun shekarar da ƙafafunta suka mutu, kuma ba ta yarda baƙon namiji ya taɓa ta. Tana so ta ga kogi. Na gaya mata ina da ɗa mai saɓa rago a kafaɗa, ta ce in ɗana ne ta yarda. Kada ka kunyata ni."

Ta karɓi biron, za ta sa hannu da kanta.

Yayarka,
Gisela

Ilonka